Ina so in rubuta abin da na mallaka kafin ɗaurin aure, Hajiya ta ce saki nake kira

Assalamu alaikum Anti. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Manchesta, shekarata 34, kuma shekara 9 ke nan ina Ingila, har na samu takardar zama ta dindindin. Da aikin dare da ƙarin awoyi na tara kuɗin kafin alƙalami, na ɗauki ɗan gida mai ɗaki biyu ta hannun bankin da ba ya harkar kuɗin ruwa, har yanzu ina biya wata-wata. Ina da fili a Kano da sunana, ina kuma da rabo a gidan mahaifinmu da ba a raba ba tun rasuwarsa, Hajiya da ƙannena suna ciki. Ni ke aika musu na cefane da na makaranta.

An sa ranar aurena, saura mako 7, a Kano za a ɗaura. Mutumin kirki ne, bai taɓa aure ba, yana sayar da kayan gyaran mota a Ƙofar Ruwa. Zai bar wa ƙanensa shagon ya biyo ni. Wata abokiyar aikina da aurenta ya mutu bara ta ce sai da aka sayar da gidan da ta saya da guminta aka ba mijin kasonsa. Ta ce kada in kuskura in yi aure ban yi abin da suke ce wa firinof ba, wato yarjejeniyar dukiya kafin aure. Da na yi wa Hajiya maganar sai ta ce, wane irin mugun fata ne wannan, ana shirin biki ina kiran saki. Shi kuwa ban ma gaya masa ba, ina tsoron ya ga kamar kallon mai kwaɗayi nake yi masa. Anti, addini ya yarda da wannan? Takardar tana aiki kuwa? Kuma da wane baki zan faɗa masa?

Ƙanwarki a Manchesta

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya sanya alheri, ya kai mu ranar lafiya. Ki yi takardar. Sai dai wadda za ta amfane ki ba ita ce wadda kike zanawa a ranki ba, kuma zan zo kan wannan.

Bari in fara da Hajiya, don ba ta yi kuskure ba a inda take tsaye. Ita a rayuwarta ba ta taɓa buƙatar irin wannan takarda ba, saboda shari'ar da aka ɗaura mata aure a kanta ta riga ta gama maganar. Aure a Musulunci ba ya gauraya dukiya. Aya ta 32 a Suratun Nisa'i ta ce maza suna da rabo daga abin da suka nema, mata ma suna da rabo daga abin da suka nema. Filin mace nata ne, sadakinta nata ne, awakinta nata ne, kuma ci da sha da sutura da muhalli suna wuyan miji ko da ta fi shi kuɗi. In aka rabu, kowa ya kwashi nasa. To mutumin da ya tashi a cikin wannan tsari, in ka ce masa za ka je wurin lauya a rubuta cewa naka naka ne, dole ya ga kamar akwai wata a ƙasa. Abin da Hajiya ba ta gani ba shi ne, auren a Kano za a ɗaura, amma a Manchesta za a zauna, kuma alƙalin da ke can da wani littafi yake aiki.

Auren da aka ɗaura a Kano bisa ƙa'idar Musulunci, da waliyyi da shaidu da sadaki, Ingila tana karɓarsa a matsayin aure, tunda ya inganta a ƙasar da aka yi shi. Daga ranar da ya sauka kuka tare, dokar rabuwar aure ta Ingila da Wels ta 1973 ta hau kanku. Sashe na 25 na wannan doka ya ba alƙali iko mai faɗi: ya dubi duk abin da ku biyu kuka mallaka, da abin da kowa ke samu, da buƙatun kowa, da shekarun da aka yi tare, da gudummawar kowa, har da ta wanda ya zauna a gida yana reno. Sunan da ke kan takardar gida ba shi ne ƙarshen magana ba. Tun wata shari'ar rabuwar aure da ake kira White, a shekarar 2000, ma'aunin da ake farawa da shi a kan dukiyar da aka tara cikin aure shi ne raba-daidai, ba bambanci tsakanin mai fita nema da mai tsaron gida. Fanshonki ma yana cikin lissafi, ana iya yankar wani kaso a mayar da shi sunansa. Kuma tun Afrilun 2022 ba a ma tambayar wa ke da laifi kafin a raba aure. Wani abu kuma da mutanenmu ke mantawa: saki da baki ko a takarda, in a cikin Ingila aka yi shi, bai kashe aure ba a idon hukuma sai an bi ta kotu.

Amma kada labarin abokiyar aikinki ya firgita ki fiye da kima. Ba kowane aure ake rabawa biyu ba. Abin da mutum ya shigo da shi, da gado, da kyautar da aka yi masa, kotu tana ware su. A Yulin 2025 Kotun Ƙolin Birtaniya, a shari'ar Standish, ta tabbatar cewa raba-daidai bai shafi irin wannan dukiya ba, muddin ba a mai da ita ta gida ana ci tare ba. Auren da bai daɗe ba kuma babu 'ya'ya, galibi kowa kan fita da kusan abin da ya shigo da shi. Inda gizo ke saƙa wuri biyu ne. Na farko, gidan da ma'aurata suka zauna a ciki, kotu ta saba ɗaukarsa na aure ne ko wa ya saya, kuma mijinki yana da haƙƙin zama a cikinsa tun daga ranar farko, yana ma iya yin rajistar wannan haƙƙi a ofishin filaye ta yadda ba za ki sayar a bayan idonsa ba. Na biyu, buƙata tana gaba da komai. In abin da aka tara tare bai isa ya samar wa kowa matsuguni ba, alƙali zai sa hannu a cikin wanda aka ware. Masu biliyoyi ne ke jayayya a kan raba-daidai. Irinmu masu gida ɗaya da albashi, shari'armu kusan kullum a kan buƙata take ƙarewa.

Kada kuma ki ce ai fili da gidan gado suna Kano, hannunsu ba zai kai ba. Alƙalin Ingila ba zai iya zuwa ya sa kwano da alama a filinki ba, amma zai sa ki bayyana shi, ya ƙiyasta kuɗinsa, ya rage miki daga abin da ke gabansa. Ko a gida aka je aka raba auren, ƙofa ba ta rufe ba. Akwai wasu ma'aurata 'yan Najeriya, Agbaje, da suka yi aure a Landan a 1967, suka haifi 'ya'ya biyar. Kotun Legas ce ta raba su, matar ta ga abin da aka ba ta bai taka kara ya karya ba, ta kai ƙara Ingila a ƙarƙashin wata doka ta 1984 da ta ba da damar haka. A Maris ɗin 2010 Kotun Ƙoli ta tsaya mata, aka ƙara mata daga kuɗin gidansu na Landan. Dokar da ta taimaki wannan baiwar Allah ba ta san mace ko namiji ba, wanda ya fi rauni take dubawa. A naku auren, a shekarun farko dai, mai raunin shi ne angonki.

Kin tambaya ko takardar tana aiki. Tana aiki, amma ba kamar takardar cinikin mota ba. A Ingila majalisa ba ta yi dokar da ta ce dole alƙali ya bi ta ba. Abin da ya ba ta ƙarfi hukunci ne na Oktoban 2010. Katrin Radmacher Bajamushiya ce 'yar masu kuɗi, ta auri Nicolas Granatino, Bafaranshe ma'aikacin banki, a Landan a 1998. Kafin auren sun sa hannu a Jamus cewa in an rabu babu mai neman komai a wurin wani. Daga baya ya bar aikin banki ya koma karatun digirin digirgir a Oksfod, suka haifi 'ya'ya mata biyu, suka rabu. Kotun farko ta ba shi sama da fam miliyan 5. Aka ɗaukaka ƙara aka zabge kuɗin, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar da zabgewar, alƙalai 8 a gefe ɗaya, mace ɗaya tilo da ke cikinsu, Lady Hale, ta saɓa musu. Ƙa'idar da suka kafa ita ake bi har yau: kotu za ta girmama yarjejeniyar da kowannensu ya shiga da yardarsa, yana sane da abin da take nufi, sai fa in riƙe su a kanta zai zama zalunci a halin da ake ciki ranar rabuwa. Ki lura, ko shi Granatino ba a kore shi hannu rabbana ba. An ba shi gidan da zai zauna saboda 'ya'yan har ƙaramar ta girma, da kuɗin kula da su.

Shi wancan, takardar da Jamusanci aka rubuta ta, ba a fassara masa ba, bai kuma ɗauki lauya ba, amma kotu ta ce ma'aikacin banki ne da ya san kuɗi, ya fahimci abin da ya sa wa hannu. Kada ki ɗauka haka za a ce a kan mutumin da ya sa hannu a Kano, bai taɓa taka Ingila ba, takarda cike da Turancin lauyoyi, bizarsa kuma a hannunki take. Nan ne za ki yi taka-tsantsan fiye da kowa. Dole ya samu lauyansa daban, wanda ya san dokar iyali ta Ingila, ba na ofishin lauyanki ba. Ba laifi ki biya kuɗin, amma shi zai zaɓa, su gana ta bidiyo ba kya wurin, in da hali a fassara masa takardar da Hausa a haɗa da ita. Sannan kowa ya baje kolinsa: albashi, ajiya, fansho, fili, rabon gado, da bashi. Wanda ya ɓoye wani abu mai nauyi ya ba ɗayan sandar da zai karya takardar da ita. Akwai tsada, lauya biyu ba wasa ba ne, amma ba ta kama ƙafar kuɗin shari'ar rabuwa ba.

Sai maganar lokaci, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. A 2014 hukumar da ke ba gwamnatin Ingila shawara kan gyaran dokoki ta ce a riƙa sa hannu aƙalla kwana 28 kafin aure. Shawarar ba ta zama doka ba, amma lauyoyi sun riƙe ta, don ita ke nuna ba a ritsa mutum ba. Mako 7 kwana 49 ne. Cire 28, saura 21. A cikin kwana 21 za ki yi masa magana, ya huce, ku samu lauyoyi biyu, a ƙiyasta gida, a rubuta, a gyara, ga ɗinki ga anko ga rabon kati. Zai iya yiwuwa, amma ni ban so ki yi ta a guje. In ba ta samu ba, kada ki tura masa takarda ana saura kwana uku kamu, dangi sun cika gida, ki ce sa hannu ko a fasa. Wannan ko ya sa, takardar banza ce, kuma kin dasa abin da ba zai manta ba. Akwai 'yar'uwarta da ake yi bayan aure, kuma hukuncin 2010 ya ce ma'auni ɗaya ake auna su da shi. A wurinku ma ina ganin ta bayan auren ta fi tsabta ta wata fuskar: ya zo, ya ga gidan da idonsa, ya ga abin da ake kashewa a wata, ya san me fam ɗari ke saye da abin da ba ya saye. Haɗarinta ɗaya ne, in ya ce ba zai sa hannu ba, aure ya riga ya ɗauru. Saboda haka maganar dai yanzu za a yi ta, a amince a kan manyan batutuwa, ko da sa hannun zai jira.

Yanzu ga abin da na ce zan dawo kansa, kuma ki yi haƙuri da ni. A wasiƙarki na ƙirga abin da kike tsoron rasawa: gida, fili, rabon gado. Ban ga inda kika ƙirga abin da shi zai rasa ba. Mutum ne da ke da shagonsa, da abokan cinikinsa, da masu ba shi kaya bashi saboda sun san fuskarsa. Zai bar wannan duka ya zo garin da ba wanda ya san shi, wataƙila ya fara da aikin sito ko gadi, izinin zamansa na rataye da igiyar aurenki har shekara 5, kuma a wannan tsakanin ba shi da damar karɓar tallafin gwamnati. In takardarki ta ce nawa nawa ne, naka naka ne, in an rabu ka kama gabanka, alƙali zai ajiye ta gefe, kuma ni ma da ni ce alƙalin haka zan yi. Ba a cin riba biyu, ƙanwata. Ba za ki riƙe shari'a inda ta ce dukiyarki taki ce, sannan ki riƙe tsarin Turawa inda ya ce a raba kuɗin haya da na wuta, kuma in ta ɓaci ya fita da jakar da ya shigo da ita ba. Takardar da ke tsayawa a kotu ita ce wadda in ya karanta zai ga an tuna da shi.

Ga yadda nake ganin za ta kasance. A rubuta kuɗin gidan Manchesta a ranar aure da abin da kika riga kika biya, wannan ya tsaya naki. Abin da aka biya bayan aure, in yana sa hannu a ciki ko yana ɗauke wasu hidimomin da suka ba ki damar biya, yana da kaso. Fanshon da kika tara a shekara 9 naki ne, na gaba a yi magana. Filin Kano da rabon gidan mahaifinku a ware su ƙarara, a kuma rubuta cewa gidan ba a raba shi ba, Hajiya na da tumuninta a ciki, ƙannenki na da nasu. Haka shi ma shagonsa da duk gadon da zai zo masa nasa ne, bashin kasuwarsa kuma a wuyansa. A faɗi abin da zai samu in an rabu don ya kama haya ya tsaya da ƙafarsa ko ya koma gida ya sake jari, adadin yana ƙaruwa da shekaru. A rubuta sadaki nawa ne kuma an biya ko saura, da lefe da gwal da kayan ɗaki. A rubuta cewa ya san kina aika wa Hajiya kaza duk wata kuma ya yarda, ke ma kin san abin da yake aika wa nasa iyayen. Wannan layi ɗaya, wallahi, ya fi sauran hana faɗa, don yawancin rigimar kuɗi a gidajen mutanenmu na waje a kan abin da ake turawa gida take tashi. Kuma a sa sharaɗin sake duba takardar in an haihu, domin babu yarjejeniyar da ke tauye haƙƙin yaro, kotu 'ya'ya take fara dubawa kafin ku.

Abin da ya fi ba ni tsoro kuwa ba ranar sa hannu ba ne, shekarun da ke biyo baya ne, lokacin da soyayya ta yi daɗi aka daina lissafi. Ina da gwaggo, ƙanwar mahaifina, Allah ya jiƙanta. Ginin mijinta a Zariya ya tsaya a linta shekara uku, damina na dukansa. Wata ranar Juma'a bayan la'asar, ina tsakar gida ina tsintar shinkafa a faranti, ina 'yar shekara tara, ta fito da ƙullin ɗankwali ta ajiye masa a kan tabarma. Sarƙarta ce ta lefe da awarwaro huɗu da ta saya da kuɗin adashe da na man gyaɗa. Ya kwance, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Allah ya yi miki albarka, ai gidanki ne." Da kuɗin aka sayi katako da kwano aka yi rufi. Bai taɓa musun wannan ba, bai sake ta ba, bai wulaƙanta ta ba. Rasuwa ya yi. Da aka zo rabon gado, ita da abokiyar zamanta suka raba tumuni, ɗaya bisa takwas, tsakaninsu. Ta ce akwai gwal ɗinta a rufin gidan. Aka ce ina shaida, tunda mai da'awa shi ke kawo hujja. Ba kowa sai yarinyar da ke tsintar shinkafa. Manyan 'ya'yansa suka ce in ma an yi, kyauta ce tsakanin mata da miji. A ɗakin haya ta ƙarasa rayuwarta, in ta bi ta layin takan ɗaga kai ta dubi kwanon.

Wannan labarin za ki ba Hajiya, ko makamancinsa, don na tabbata ita ma ta san irinsa a danginku. Takarda ba don saki kaɗai ake yinta ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, har tana cewa kada a ƙosa da rubuta shi, ƙarami ne ko babba. Ba ta ce ban da mata da miji ba. Duk ranar da kika ba shi kuɗi mai kauri, na jari ko na mota ko na gini a Kano, ku rubuta layi biyu: rance ne, kyauta ce, ko haɗin gwiwa ne. Ku tura ta banki, ba hannu da hannu ba. Ku buɗe asusu ɗaya na cefane da kuɗin wuta, kowa kuma ya riƙe nasa. In kika zuba kuɗin sayar da filinki a asusun haɗin gwiwa aka yi shekara biyar ana ci, kin mai da shi na aure da hannunki. Ki kuma sani cewa bashin da kuka sa wa hannu tare, banki na iya bin kowannenku duka kuɗin, ba rabi ba.

Ta fuskar addini, asalin sharaɗi halal ne. Suratul Ma'ida da umarnin cika alƙawura ta buɗe, kuma hadisi ya inganta a Buhari da Muslim cewa sharuɗɗan da suka fi cancanta a cika su ne waɗanda aka halatta aure da su. Amma malamanmu na Malikiyya sun yi iyaka: sharaɗin da ya ci karo da manufar aure, kamar a ce babu ciyarwa ko babu gado tsakaninsu, ɓatacce ne, kuma in aka ƙulla auren a kansa yana iya taɓa ingancin auren kansa. Na faɗi wannan ne don takardun da lauyoyin can suka saba rubutawa sukan zo da sakin layin da ke cewa kowa ya yafe haƙƙinsa a dukiyar ɗayan in an mutu. Ki sa a cire. Ki ba malamin da ya san fiƙihu ya karanta kafin a sa hannu, kuma a bar ta a matsayin takarda daban, kada a cusa ta cikin sigar ɗaurin aure.

Tunda an zo kan mutuwa, akwai abin da abokiyar aikinki ba ta gaya miki ba, kuma a wurina ya fi gaggawa. A dokar Ingila, in mai aure ya rasu bai bar wasiyya ba kuma ba shi da ɗa, mijin ko matar ke kwashe komai. Wato gidan Manchesta gaba ɗaya na angonki ne, Hajiya ba ta da ko sisi, alhali a shari'a rabi ne nasa, ita tana da sudusi, sauran na ƙannenki. In akwai 'ya'ya, shi ke ɗaukar fam 322,000 na farko da rabin abin da ya rage. Kuma aure yana soke wasiyyar da aka rubuta kafinsa, sai in an ambata a ciki cewa don wannan auren aka yi ta. Saboda haka lauyan da zai rubuta yarjejeniyar ya rubuta muku wasiyya ku biyu, wadda ta ce a raba bisa shari'a. Ki duba kuma takardar da kika cike a wurin aiki ta wanda za a ba kuɗi in ta Allah ta kasance.

Wani ɗan hannunka-mai-sanda: mutane da yawa kan garzaya rajista su sake ɗaura aure saboda biza. Ku yi tambaya kafin ku yi. Auren rajista a Najeriya yana mai da ku ƙarƙashin dokar aure ta gwamnati da dokar rabuwa ta 1970, babbar kotu ce ke raba shi ba kotun shari'a ba, kuma ya haramta ƙarin aure. Sashe na 72 na wannan doka ya ba alƙali ikon raba kadara, ya kuma ambaci yarjejeniyar kafin aure da ta bayansa. Tunda kuna da dukiya a ƙasa biyu, lauyan gida ma ya ga takardar.

Saura bakin da za ki faɗa masa. Ba a rubuce ta WhatsApp ba, ba ta bakin Hajiya ba, ba kuma ta bakin ƙawa ba. Ki kira shi ta bidiyo ranar da ba ki fito daga aikin dare ba. Kada ki fara da gidanki, fara da shagonsa. Ki ce masa wani abu kamar haka: "Na daɗe ina tunanin abin da za ka bari saboda ni, kuma ba na so ka zo ƙasar mutane ba ka san matsayinka ba. Dokarsu ba irin tamu ba ce, in ba mu rubuta namu tsarin ba, nasu za su ɗora mana, a raye ko a mace. Ina so mu zauna mu rubuta abin da kowa ke da shi da abin da ake binsa, da abin da zai zama naka in wani abu ya faru." Sannan ki fara baje naki, har da ragowar bashin gidan, kafin ki tambayi nasa.

Zai iya yin shiru, zai iya jin zafi, zai iya cewa ashe ba ki yarda da shi ba. Namiji ne Bahaushe da za a kai shi gidan mace, dama can akwai abin da ke sukarsa wanda bai faɗa miki ba, kuma abokansa na kasuwa ba su bar shi ya huta da zolaya ba. Ki ba shi kwana biyu ko uku, fushin ranar farko ba ya nuna komai. Abin da za ki sa wa ido shi ne bayan ya huce. In ya dawo yana tambaya, yana cewa wannan layin bai yi masa ba a gyara, kin samu abokin zama, ki saurare shi, ki kuma sassauta inda yake da gaskiya. In kuwa ya yarda da komai amma da an zo maganar bashin da ake binsa a kasuwa sai ya sauya zance, to ki sanar da baffanki da zai ba da aurenki, ya sa a bincika masa a Ƙofar Ruwa tun kafin a raba goro.